Falankin Ladi

Wanda ya sa hannu ɗazu ya jawo wancan tsohon falankin daga jikin bango, ba sai na kama suna ba, ya san kansa. Na daka maka tsawa a gaban abokanka, ga ka nan har yanzu kana kumbure-kumbure. To ku kashe injin nan ku zauna. Kunnena ya gaji da kukansa, ƙafata ma ta gaji da tsayuwa. Kun ga katako ya yi baƙi ya sha zama, shi ke nan kun yanke hukunci na banza ne, bari a yanka a yi wa mai shayi kanta. A wajenku kafintanci shi ne a danna inji ya yi ƙara, a buga ƙusa, a miƙa hannu a karɓa. Ba laifinku ba ne, haka kuka tarar da sana'ar.

Ni a hannun Oga Lasisi na koya, wani Bayarabe da ya daɗe a nan kasuwar Katako ta Jos har Hausarsa ta fi tawa gishiri. Mahaifina leburan kuza ne, ƙirjinsa ya lalace a ramin haƙa, ya rantse ba zan gaje shi ba, ya kamo hannuna ya kawo ni. Na zo ina ɗokin riƙe zarto. Oga ya dube ni sama da ƙasa, ya turo mini gwangwanin tsofaffin ƙusoshi da hama, ya nuna mini wani dutse. Aikina ke nan har na manta da zarto: in miƙe lanƙwasasshiyar ƙusa ta koma kamar sabuwa. Daga nan ya koya mini cirewa. Yakan ce bugawa kowane mahaukaci ya iya, cirewa ce sana'a. Ka sa ɗan guntun itace a ƙarƙashin awartaki don kada ya ci fuskar katako, ka girgiza a hankali, ka bi hanyar da ƙusar ta shiga. In falanki ya tsage a hannunka, ranar keyarka za ta faɗa maka. Sai bayan nan ya ba ni filen na share katako, da cizal na fafe gurbi, da sukwaya ta daidaita kusurwa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ba da magani. A lokacin na ɗauka mugunta ce kawai.

Aikin farko da na yi da sunana, ba da sunan Oga ba, shi ne bencinan makarantar Tudun Acca. Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne, lokacin da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta. Gini ko'ina, katako ya yi wuya a kasuwar nan, manyan 'yan kwangila sun kwashe manyan kafintoci. Sai ga wani siririn mutum da tsohuwar kwat da takalmin roba yana bin rumfuna. Kowa ya ji inda ƙauyen yake sai ya ce aiki ya yi masa yawa. Oga Lasisi ya nuna ni da haɓa ya ce ga wanda ƙafarsa ke da sauran ƙarfi. Mutumin ya ce sunansa Malam Bulus, shi ne hedimasta, shi ne malamin aji, shi ne mai buga ƙararrawa.

A hanya ya ba ni tarihin abin. Tudun Acca tana bayan duwatsu, in ka bi Titin Bauchi ka sauka, sai ka taka da ƙafa ka haye rafi ka hau tudu. Makarantar da ta fi kusa da su tana bakin titi, kuma hanyarta ta gefen wani tsohon kududdufin kuza take bi. Ruwan nan kore shar, ba a san ƙarshen zurfinsa ba, ya taɓa cin yaran ƙauyen, shi ya sa iyaye suka daina turawa. Malam Bulus ɗan garin ne, ya fara tara yara a gindin mangwaro a bayan coci, ya yi ta safa da marwa zuwa ofishin ilimi har suka gaji da ganin fuskarsa. Suka ba shi kwanon rufi, suka ce bango da wurin zama na mutanen gari ne. Suka kuma ce gwaji ne: jami'i zai zo dubawa, in ya tarar da yara zaune a ƙasa, za a rufe a haɗe su da ta bakin titi. Wannan maganar ita ce ƙashin da ya tsaya wa Malam Bulus a wuya. Duk abin da zan faɗa muku a kanta yake tafiya.

Bango sun yi da gayya, na laka, aji biyu. Katako kuma aka ce kowane gida ya kawo falanki ɗaya. Wani ya sayar da akuya, wani acca, wani dankali. Mota ta sauke mana kayan a bakin titi, don ba ta iya wucewa, sai na ga gari guda ya gangaro. Kowane magidanci ya zaɓi nasa, ya zaro wuƙa ya yanka masa shaidar gidansa, irin wadda suke yi wa kunnen awakinsu. Wani tsaga biyu, wani gicciye, wani ƙafar kaza. Sannan aka ɗora wa mata da samari a ka, aka jeru ana hawa tudu ana waƙa. Ban taɓa ganin katako ya yi tafiya da irin wannan gata ba.

Da na kafa wurin aikina a gindin mangwaron, na ɗauki filen zan share shaidun nan, don aikin kirki ba ya son tabo. Malam Bulus ya riƙe hannuna. Ya ce in bar su, in dai juya su ta ƙasa. Dabararsa ita ce mutum ba ya barin abinsa ya lalace. In kowane gida ya san katakonsa na cikin aji, to makaranta ta zama tasa, zai turo ɗansa, zai kore akuya daga farfajiya. Na ga maganar ta yi ma'ana, na bari. Ta kuwa yi aiki. Sai ka ga tsoho ya shigo aji ana tsakiyar karatu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin benci, ya ga tsagarsa, ya gyaɗa kai ya fita.

Bencin makaranta ba kujerar falo ba ce, ku da kuke raina shi. Yaro ba ya zama, hawa yake yi, ya yi tsalle, ya ja, ya karkata. In ka dogara da ƙusa kaɗai, kafin hutu ya zo ya zama itacen girki. Sai ka fafe gurbi da cizal ka zaunar da ƙafa a ciki, ka ɗaure ta da sanda a tsakiya, ka kashe kaifin gefe don kada ya yanki cinya. Ƙasan ƙafafun kuma ka shafe da baƙin mai saboda gara, don daɓen ƙasa ne. Falanki ɗaya na zama, ɗaya na rubutu, ka ga kowane benci na gida biyu ne. Da hannu na yi su duka, ba inji, ga sanyin tudun nan da ke sa yatsu su ƙi lanƙwasuwa da safe. A gidan Malam Bulus nake cin abinci. Matarsa Saratu, wadda kowa ke kira Maman Ladi, takan ware mini tukunyata daban don ta san ni Musulmi ne, ta kuma nuna mini wani lungu mai tsabta inda nake salla.

Ladi ita ce 'yarsu ta fari, a lokacin ita kaɗai ce. Ba ta isa shiga aji ba. Wancan zamanin ba takardar haihuwa, sai a ce yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya kamo kunnen ɗaya gefen. In ya kamo ya isa, in bai kamo ba ya koma gida. Ladi kullum sai ta zo ta tsaya gaban ubanta ta gwada, tana karkata kai tana satar hanya, yara na dariya. Shi kuma ya ce mata sai baɗi. Ba ta komawa. Ta gano bencin da falankin gidansu yake, mai shaidar gicciye da ɗigo, ta maƙale a ƙarshensa tana bin baki. In aka ce ta tashi sai ta ce ai na babanta ne. Ta addabe ni ni ma, duk abin da na ajiye sai ta ɗauka, fensirin kunnena ma bai tsira ba.

Shekarar da ta biyo ita ce muguwar shekara. Guguwar farkon damina ta yaye rabin kwanon makarantar, Malam Bulus ya aiko in zo in gyara kafin jami'in nan ya iso, don an ce yana tafe. Na je da akwatin kayana. Tun daga shingen kyarana na bakin gari na ji garin ya yi tsit. Ƙyanda ce ta shigo tun bazara. 'Yan makaranta da dama sun kwanta sun tashi, amma ƙannensu, na goye da na tatata, su take ɗauka.

Ina kan rufi na hango wani dattijo, Baba Azi, ya shigo farfajiya ba sallama. Ya shiga aji, ya durƙusa yana leƙa ƙarƙashin bencina kamar yadda ya saba, sai dai wannan karon da ya ga tsagarsa bai fita ba. Ya jawo bencin waje. Jikansa ne ya rasu da safen. Ku gane, mutanen nan tun da suka karɓi coci suka bar binne mutum a tabarma irin na kakanninsu, akwati ya zama shi ne mutuncin mamaci. A garin kuwa babu wani katako. Ƙofofinsu na kara ne da buɗaɗɗen gwangwani. Katakon da ke Tudun Acca kaf yana cikin makaranta, kuma kowane da sunan mai shi a jiki. Baba Azi ya ɗaga kai ya ce mini, "Kafinta, sauko. Nawa ne, ban taɓa na kowa ba."

Na dubi Malam Bulus. Me zai ce? Shi ya ce a bar shaidar. Ya sunkuyar da kai, na sauko.

Ranar na gane abin da Oga Lasisi ya dasa mini a hannu. Na cire ƙusoshin da ni na buga, ɗaya bayan ɗaya, falanki bai tsage ba. Na miƙe su a kan dutse, na mayar da su cikin akwatin. Falanki ɗaya yana isar ƙaramin yaro, har ya yi saura kaɗan. Awo kuwa da igiya suke kawo mini, an ƙulla ta daidai tsawon yaron. Wallahi har yau ba na son ganin igiya mai ƙulli a hannun mutum.

Daga Baba Azi sai ƙofa ta buɗe. Yau wannan gida, jibi wancan. Duk falankin da aka cire, benci guda ya mutu, yara biyar sun koma ƙasa. Na yi ta dabara, ina haɗa marayun falankai ina tayar da wani bencin, amma ana ɗinki ne tana ɓarkewa. Wata gwauruwa da ba ta da falanki ta rasa ɗanta, Malam Bulus ya ba da teburinsa. Aka zo aka cire ƙofar aji. Allo ne kaɗai ya tsira, don shi a jikin bango aka shafe shi da siminti. Na ce bari in gangara Jos in roƙi Oga ko ragowar katako ne, sai rafi ya cika ya hana kowa hayewa. Rufin da na zo gyarawa na gama shi, amma abin da ke ƙarƙashinsa yana ta narkewa. Aji ɗaya ya koma fili, ɗayan ma saura kaɗan. Na gaji a lokacin irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Sai ƙyandar ta kama Ladi. Kwana kaɗan ta yi. Da hantsi ina farfajiyar makaranta na ji kukan mata daga wajen gidansu, na ajiye abin da ke hannuna. Ban jira an kawo igiya ba, na san tsawonta, kullum tana jikina. Na shiga aji na jawo bencin nan mai gicciye da ɗigo, na ɗauko awartaki. Ina sa shi a kan ƙusar farko sai inuwa ta rufe ni. Malam Bulus ne tsaye a bakin ƙofar da ba ƙofa, idanunsa jawur.

Ya ce, "Oga Sabo, mayar da shi."

Na ce, "Malam, naka ne fa. Ba wanda zai ce don me."

Ya ce, "Na sani. In na cire nawa, gobe da wane baki zan hana wani? Mutumin nan yana zuwa. In ya rufe ta, kududdufi za su koma bi. Mayar da shi."

Na yi masa magiya. Na ce ga akwatin kayan aikina, a farfasa. Muka duba, ko rabin tsawonta bai kai ba. Dattawan coci suka zo suka same shi, suka ce abin kunya ne 'yar malami, mai karanta Littafi ranar Lahadi, a naɗe ta a tabarma. Bai ɗaga murya ba, bai kuma matsa daga bakin ƙofar ba. Can sai ga Maman Ladi da kanta, ba ɗankwali, mata na riƙe ta tana fizgewa. Ta tsaya a gabansa. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi.

Ta ce, "Ni na ɗauko shi a kaina daga bakin titi. Kullum a kansa take zama. Ka ba kowa, ita za ka hana?"

Ya ce, "Saratu, ki yi haƙuri."

A sabuwar tabarma aka binne Ladi, an naɗe ta da zanen uwarta na zuwa coci. Ni da na yi wa yaran mutane akwati, ita ban yi mata komai ba, sai tsayuwa daga nesa da hannu a baya. Abin ya ci ni ƙwarai, kuma har gobe ban san wanda ya fi gaskiya tsakanin su biyun ba.

Bayan kwana biyu wani magidanci ya rasa 'yarsa. Na gan shi ya taho har farfajiya, ya tsaya yana kallon ajin, ya daɗe. Malam Bulus yana ciki yana koyar da lissafi, muryarsa a dushe, bai ko leƙo ba. Mutumin ya juya ya tafi neman tabarma. Daga ranar ba wanda ya sake zuwa ɗaukar falanki.

Da rafi ya janye jami'in ya zo, wandonsa duk laka. Muka tattara sauran bencinan a aji ɗaya, yara suka matsu a kai kamar 'yan tsaki, amma ba ko ɗaya a ƙasa. Ya duba rufi, ya duba allo, ya tambayi inda ƙofa take, aka ce ana gyara. Bai tsawaita ba, hankalinsa na kan ya haye kafin hadari ya sauko. Ya ce makaranta ta zauna. Ba wanda ya yi guɗa. Malam Bulus ya raka shi bakin shinge, ya dawo ya buga ƙararrawa.

Da kaka ta yi aka sake sayo katako, aka sake hawa tudu da shi, ba waƙa. Wannan karon Malam Bulus da kansa ya miƙo mini filen ya ce in share duk wata shaida, sababbi da tsofaffi. Na share. Guda ɗaya na tsallake, mai gicciye da ɗigo, shi ma ya gani ya wuce.

Makarantar tana nan har yau. Ta zama aji shida, bulo da siminti, har da tuta. Cikin yaran da suka matsu a bencinan nan akwai wadda ta zama nas, akwai wanda yanzu shi ne hedimasta a wurin. Ba wanda kududdufi ya sake ci a hanyar karatu. Ni na riƙa zuwa musu gyara shekara da shekaru, har gwiwa ta hana ni hawa tudu. A duk zuwan da na yi, ban taɓa ganin Maman Ladi ta taka farfajiyar makarantar ba. In za ta rafi sai ta zagaya ta bayan shinge. Sun ci gaba da zama, sun haifi wasu, duk a nan suka yi karatu, amma ko ranar ba da sakamako ba ta zuwa.

Da Malam Bulus ya rasu ni na yi masa akwati a nan rumfar, da sabon maɗaci. A lokacin an kawo wa makarantar kujerun ƙarfe, an jibge tsofaffin bencina a bayan aji. Tsofaffin ɗalibansa suka ce a nemo falankin nan a sa a cikin akwatinsa don girmamawa. Maman Ladi ta ce a'a.

Bayan an share makoki, wata safiya ina zaune a nan inda nake, sai na hango tsohuwa tana ratso kasuwa da falanki a ka, masu baro suna yi mata tsiya wai Mama ta kawo katako Katako. Ta sa an ciro mata shi daga bencin, da ƙafa ta sauko da shi daga tudu har bakin titi, ta biya masa kuɗin mota kamar mutum. Ta jingina shi a bangon can, ta zauna ta sha ruwa, muka gaisa, ta tambayi iyali. Sannan ta ce, "Malam Sabo, ka ajiye mini. Ranar da aka zo maka da awona, ka sa shi a ƙasa, inda bayana zai kwanta."

Na ce, "Maman Ladi, Allah ya ja kwana."

Ta ce, "Amin. Amma nata ne. Ni zan kai mata."

Tana nan da ranta, ta tsufa tukuf, duk Kirsimeti sai ta aiko jikanta da acca, ya leƙa ya gani ko yana nan. Ni ma ga yadda na koma, ban san wanda zai riga wani ba. In ni na riga ta, to kun ji, aikin ya dawo kanku. Kada a sa masa inji, kada a share shi, da hannu za ku yi.

Kai mai kumburi, tashi ka juya shi ka ga gicciyen da ɗigon da idonka. Ka gani? To mayar da shi inda ka ɗauko, ka sa masa bulo a ƙasa saboda gara.